MARYAMU SLESSOR, UWAR TAGWAYE A ƘASAR KALABA

Mun riga mun karanta a cikin Markus 10:13-16 yadda mutane suka kawo wa Ubangijinmu Yesu 'yan yara domin ya taɓa su, almajirai suka tsauta musu, shi kuwa ya ji haushin almajiran, ya rungumi yaran, ya sa musu albarka. Mun ga kuma a cikin Yakubu 1:27 lura da marayu cikin wahalarsu yana cikin ainihin ibadar da Allah Uba yake karɓa, ba ƙarin aiki ba ne wanda mai bi zai yi in ya ga dama. Ba wani a cikinmu da zai yi musun wannan. Duk da haka mun sani koyarwa takan zauna a kan takarda har sai mun ga wanda ya ɗauke ta ya aikata. Domin wannan muka kawo muku labarin wata baiwar Allah wadda ta yi shekara 38 tana aikin bishara a kudu maso gabashin Nijeriya, tana tsince yaran da aka jefar, tana reno. Sunanta Mary Slessor, mu kuwa za mu kira ta Maryamu.

Yarintakarta

An haife ta ran 2 ga Disamba, 1848, a birnin Aberdeen cikin ƙasar Sikotlan, arewa da Ingila. Ita ce ta biyu cikin 'ya'ya bakwai. Ubanta mai ɗinkin takalma ne, amma giya ta ci ƙarfinsa har ya kasa riƙe sana'arsa. Uwarta masaƙiya ce, mai tsoron Allah. A cikin 1859 suka ƙaura zuwa Dundee, birnin manyan masaƙu, da begen ko mai gidan ya sake hali a sabon wuri. Bai sake ba.

Maryamu tana da shekara 11 ta shiga aiki a masaƙa, rabin yini a gaban injin, rabin yini a makarantar masaƙar. Da ta kai shekara 14 sai ta koma yin aiki yini cur, daga ƙarfe 6 na safe har ƙarfe 6 na yamma, domin a sami abin sawa a baki. Daren Asabar shi ne daren tsoro a gidansu, gama a ranar ne uban yakan karɓi lada ya shanye, ya komo a buge. Uwar takan kwantar da ƙananan da wuri, ita da Maryamu su zauna suna jira. Ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba ya kori yarinyar waje, ta yi ta yawo a titi cikin duhu da sanyi tana kuka, har ya yi barci. Uwar kuwa tana ta rufa asirin gidan, kada mutanen Ikkilisiya su sani.

Sai mu lura da wannan da kyau. Ita kanta Maryamu tana cikin irin yaran da darasin nan yake magana a kansu. Ta sha wannan wahala a birni mai majami'u da yawa, masu zama kusa da ita ran Lahadi kuwa ba su sani ba.

Wata tsohuwa gwauruwa ce ta fara yi mata maganar ceton ranta. Ta tara 'yan mata a bakin murhu, ta nuna musu wuta, ta tsorata su da azabar Jahannama. Maryamu ta firgita, ta nemi Mai Ceto, ta kuwa same shi. Amma da ta san ƙaunarsa, ba ta yarda daɗai ta jawo wani zuwa wurin Yesu ta hanyar tsoratarwa ba. Ta soma koyar da yaran unguwannin matalauta na Dundee. Wata rana 'yan iskan samari suka tare ta, babbansu ya ɗaura dalma a igiya yana wulwulawa kusa da kanta, har ta shafi goshinta. Ba ta motsa ba. Da ya ga haka ya yar da dalmar, ya bi ta zuwa taron tare da abokansa.

Tafiya Kalaba

Tun 1846 aka kafa aikin bishara a Kalaba ta hannun Hope Waddell tare da waɗansu Kirista daga tsibirin Jamaika. Ikkilisiyar su Maryamu ce take ɗauke da nauyin aikin, uwarta kuwa takan karanta wa 'ya'yanta labarinsa, tana fata ɗaya cikin 'ya'yanta maza ya tafi can. Amma mazan suka rasu. Sa'ad da labarin mutuwar Dauda Livingstone ya iso Sikotlan a cikin 1874, sai Maryamu ta ji kiran ya faɗo a kanta. Ta miƙa kanta, aka karɓe ta, aka koyar da ita 'yan watanni a Edinburgh. Ran 5 ga Agusta, 1876, ta shiga jirgin ruwa, ta sauka Kalaba a cikin watan Satumba, tana da shekara 27.

Kalaba ƙasar koguna ce da ƙoramu da kurmi, mutanenta Efik ne, manyan fatake masu cinikin manja. Maryamu ta duƙufa a kan harshensu, tana shiga gidaje tana zama da mata, har ta iya shi kamar 'yar gari, da karin maganarsa da ba'arsa duka. Zazzaɓin cizon sauro ya kayar da ita, ta koma gida a cikin 1879. Da ta komo a cikin 1880 aka sa ta a garin da Turawa suke kira Old Town, ita kaɗai. Albashinta fam 60 ne a shekara, tana aika wa uwarta da ƙannenta mafi yawansa, saboda haka ta koma cin doya da ayaba da kifi da manja kamar maƙwabtanta. Talauci ne ya sa ta haka da fari, amma ya zama mata ƙofa zuwa zukatan mutane.

Me ya sa ake kashe tagwaye?

Mai karatu wanda ya tashi a ƙasar Hausa zai yi mamaki, gama a wurin Hausawa haihuwar tagwaye abin murna ne, har suna da sunayensu, Hasan da Husaini, Hasana da Husaina. Amma a zamanin nan mutanen Efik da Ibibiyo da waɗansu maƙwabtansu sun gaskata ɗaya daga cikin tagwayen ɗan mugun iska ne. Tun da yake ba mai iya sanin ko wanne ne, sai a hallaka su duka biyu. Akan karya bayansu, a cusa su cikin tukunya, a fitar da su ta ramin da aka huda a bayan ɗaki, a jefar a kurmi. Uwar kuwa akan kore ta daga gari, ba ta da ikon bin hanyar kasuwa ko ɗiban ruwa inda mutane suke ɗiba. Hakanan kuma in baiwa ta mutu ta bar jariri, sau da yawa akan yar da shi tare da gawar, gama ba mai so ya ɗauki wahalar renonsa.

Kada mu ce mutanen nan ba su da ƙaunar 'ya'ya. Suna ƙaunar 'ya'yansu ƙwarai. Tsoro ne ya mallake su, suna gani in aka bar tagwaye da rai bala'i zai auko wa gari duka. Uwar tagwayen ma takan ji ƙyamar kanta, ta juya wa 'ya'yanta baya.

Wajibi ne kuma mu faɗi gaskiya, ba Maryamu ce ta fara yaƙi da wannan al'ada ba, ko da yake yawancin mutane haka suke zato. Tun kafin ta zo, gidajen mishan sun riga sun zama mafakar tagwaye da iyayensu mata. A cikin 1850, da taimakon Sarki Eyo Honesty na Biyu na Creek Town, aka kafa dokar hana yanka mutane a jana'izar manya. A cikin 1878 kuma jakadan Ingila, David Hopkins, ya ƙulla yarjejeniya da sarakunan Duke Town ta hana kashe tagwaye. Amma doka ba ta cire tsoro daga zuciya, ba ta kuwa kai cikin kurmi inda ba mai gani. Har wa yau kuma, ko an hana kashe jariri, dole a sami wanda zai ɗauke shi, ya ba shi madara da tsakar dare. Nan ne aikin Maryamu yake.

Janie

Tana Old Town aka kawo mata waɗansu tagwaye, namiji da mace. Dangin suka yi dabara suka karɓi namijin, suka kashe shi. Maryamu ta yi baƙin ciki mai zafi, ta ƙudura ba mai raba ta da macen. Ta raɗa mata suna Janie, sunan ƙanwarta. Da ciwo ya sa ta koma Sikotlan a cikin 1883, ta tafi da jaririyar, aka yi mata baftisma a majami'ar da Maryamu ta tashi a ciki a Dundee.

Ta komo Kalaba a ƙarshen 1885, aka sa ta a Creek Town. Ba da daɗewa ba labari ya zo mata uwarta ta rasu, ƙanwarta Janie kuma ta bi bayanta. Ɗaya ƙanwar ta riga ta rasu tun da fari. Ba wanda ya rage mata a gidansu. Tun daga sa'an nan yaran da ta tsinta suka zama danginta na duniya.

Wata rana wani mutum ya zo ya tsaya nesa, ashe uban Janie ne, yana so ya hango 'yarsa amma yana tsoron matsowa. Maryamu ta kama hannunsa, ta jawo shi, ta sa ya ɗauki yarinyar. Ya ɗauke ta, ba abin da ya same shi. Daga ranar ya riƙa kawo mata abinci. A cikin wannan ƙaramin abu muna ganin hanyar da Maryamu ta bi dukan kwanakinta. Wa'azi tana yi, gardama kuma tana yi, amma babbar hujjarta ita ce yarinya mai rai, mai ƙiba, mai dariya, tana wasa a tsakar gida inda kowa yake gani, gari kuwa bai hallaka ba.

Okoyong

Arewa da Creek Town, tsakanin Kogin Kalaba da Kogin Kuros, akwai ƙasar Okoyong. Mutanenta ba sa ga maciji da mutanen Kalaba, ba su kuwa karɓi mai bishara ya zauna a cikinsu ba. Maryamu ta yi ta roƙon shugabannin mishan har suka yardar mata. A cikin Agusta 1888 ta tashi cikin kwalekwale ana ruwan sama, da yara biyar. Suka sauka da magariba, da sauran tafiyar mil huɗu cikin kurmi zuwa ƙauyen Ekenge. Babban yaron, ɗan shekara 11, ya ɗauki akwatin abinci a kā, na biye da shi ya ɗauki tukwane, ƙanana biyu suna bi suna kuka, ita kuwa tana baya da jaririya a hannu, tana yi musu waƙoƙin wasa domin kada su ji tsoro. Suka isa suka tarar ƙauyen ba kowa, mutane sun tafi makoki.

Sarkin Ekenge, Edem, ya ba ta wuri a gidansa, ta zauna cikin ɗakin ƙasa tare da matansa da bayinsa, har ta gina nata. A nan Allah ya ba ta abokiya, watau Ma Eme, 'yar'uwar sarkin, gwauruwa mai daraja. In ana shirin wata mugunta a ɓoye, Ma Eme takan aiko da kwalbar magani wadda ba kome a ciki, kamar tana neman a cika mata. Da ganin kwalbar Maryamu ta san akwai rai cikin hatsari, sai ta shirya. Ma Eme ba ta karɓi bangaskiyar Kirista ba, amma rayuka da yawa sun tsira ta dalilinta. Wannan yana tuna mana da Fitowa sura 1 da 2, inda Allah ya ceci jarirai ta hannun ungozoma biyu, ya kuma ceci Musa ta hannun 'yar Fir'auna.

Mutanen Okoyong sun gaskata babban mutum ba ya mutuwa sai da maita. In aka tuhumi wani, akan ba shi wani wake mai dafi da ake kira esere. In ya amayar, an ce ba shi da laifi, in ya mutu, an ce laifinsa ne ya kama shi. A cikin 1889 gungumen itace ya buge Etim, ɗan Sarki Edem, yana ginin gida, ya shanye, bayan mako biyu ya mutu. Boka ya ɗora laifin a kan wani ƙauye, aka kamo mutanensa, har da mata masu goyo, aka ɗaure su da sarƙa a turaku. Maryamu da wani kafinta na mishan, Charles Ovens, suka riƙa tsaronsu dare da rana bi da bi. Ta yi roƙo, ta yi faɗa, ta tsaya tsakanin ɗaurarrun da masu daka dafin, ta ƙi tashi. Ɗaya ɗaya aka sake su duka, aka binne Etim da saniya maimakon mutane. Ba a taɓa binne ɗan sarauta a Okoyong haka ba sai a ranar.

Labarin Iye

Wajen 1895 wata baiwa mai suna Iye ta haifi tagwaye. Nan da nan waɗanda suke ƙaunarta jiya suka yayyage tufafinta, suka farfasa kayanta, suka cusa jariran cikin akwati tare da tarkace, suka aza mata a kā, suka koro ta da ihu. Maryamu ta ji labari ta sheƙa a guje, ta tarye ta a hanya, ta sauke mata kayan. Amma ba ta bi da su ta hanyar kasuwa ba, gama ta sani in ta yi haka mutane za su ce hanyar ta ƙazantu, su sha wahalar saran wata sabuwa. Sai ta tsaya cikin rana tana jira har aka sare mata 'yar hanya cikin jeji zuwa gidanta. Da aka buɗe akwatin, namijin ya riga ya mutu, macen tana da rai. Aka sa mata suna Susie.

A nan akwai hikima. Ba ta sassauta ko kaɗan a kan ran jaririn ba, amma ba ta wulakanta masu tsoron ba, ba ta kuwa ɗora musu nauyin da ba dole ba. Domin haka suka ci gaba da sauraronta.

Susie ta zama farin cikin gidan, har mutanen da suka guje ta da fari suka soma zuwa kallonta. Amma tana da shekara ɗaya da 'yan watanni ta jawo tulun ruwan zafi ya zubo mata, ta ƙone, ta mutu a hannun Maryamu. Maryamu ta yi makoki kamar uwar da ta haife ta, mutanen gari suka zo jana'iza suna mamaki, ana kuka saboda 'yar tagwaye. Daga baya Maryamu ta fanshi Iye daga bauta, ta zauna tare da ita tana taimakonta renon waɗansu jarirai.

Gidanta

Kada mu zaci aikin nan mai daɗi ne kullum. Jarirai da yawa sun iso mata bayan sun kwana a kurmi, da rauni da yunwa, da yawansu kuwa sun mutu duk da iyakar ƙoƙarinta. Ita da kanta take wanke su, ta sa musu farar riga, ta binne su da addu'a. Ɗakinta kullum cike yake da yara. Da dare takan kwantar da jarirai cikin 'yan ragogi da ta rataye kewaye da gadonta, kowace da igiyarta, in wani ya farka yana kuka sai ta ja igiyarsa ta lallashe shi. Tana tafiya ba takalmi, zazzaɓi kuwa bai rabu da ita ba. Waɗanda suka rayu ta raine su kamar 'ya'yan cikinta, su Janie, da Annie, da Mary, da Alice, da Maggie, da Daniel, da waɗansu. Ta koya musu karatu da aikin hannu, ta aurar da waɗansunsu. Da ta tafi hutu Sikotlan a cikin 1898 ta ƙi barin su duka a baya, ta tafi da huɗu.

Abin mamaki, macen nan da take tsayawa gaban mayaƙa bugaggu, a ƙasarsu tana tsoron ratsa fili in da saniya a ciki, tana kuma jin kunyar yin magana a taron da maza suke. Ƙarfin halinta ba na haihuwa ba ne. Kowace safiya tana kan Littafi Mai Tsarki tana rubuta tunaninta a gefen shafi, waɗansu littattafan nata kuwa an adana su a Dundee.

Sa'ad da annobar agana ta faɗa wa Okoyong bayan ta ƙaura zuwa Akpap a cikin 1896, ta yi ta yi wa mutane lamba, ta mai da tsohon gidanta na Ekenge wurin jinya. Sarki Edem ya kamu, mutanensa suka gudu suka bar shi. Da ya mutu, ita ce ta haɗa akwatin gawa da hannunta, ta haƙa kabari, ta binne shi.

Kujerar shari'a da sauran kwanakinta

A cikin 1892 Sir Claude Macdonald, wakilin gwamnatin Ingila a wannan yanki, ya naɗa ta mataimakiyar jakada a Okoyong, tana shugabancin kotun ƙasar. A cikin 1905 kuma aka ba ta irin wannan aiki a Ikot Obong. Ta karɓa domin ta san harshe da al'ada, tana kuwa so ta tsare mata da bayi da yara daga zalunci. Ba za mu ɓoye ba, wannan ya haɗa ta da mulkin mallaka wanda ya shiga ƙasar da bindiga, tana kuma da zafin rai, har takan mari wanda ya ƙi yin shiru a kotu. Ita ma mai zunubi ce da aka cece ta ta wurin alheri, kamar mu.

Ta gane ceton jariri bai isa ba in uwarsa tana yawo a kurmi ba abinci, yaron kuma ya girma ba sana'a. Tana cikin waɗanda suka matsa a kafa makarantar koyon sana'a, aka kuwa buɗe makarantar Hope Waddell a Kalaba a cikin 1895. Bayan yaƙin da Turawa suka yi da Arochukwu a 1901 zuwa 1902, ta bar Okoyong a hannun waɗansu, ta nausa ƙasar Ibibiyo. Ta zauna a Itu, tsohuwar kasuwar bayi, inda aka gina asibiti da sunanta. A Use Ikot Oku kuma ta kafa mazauni inda uwayen tagwaye da matan da aka kora za su yi noma da kiwo su ci da kansu. Da ƙafafunta suka gaza, aka riƙa tura ta cikin kujera mai ƙafa, ba ta daina zuwa sababbin garuruwa ba. Mutane suka sa mata suna Eka Kpukpru Owo, watau uwar dukan mutane.

Ta rasu a Use Ikot Oku ran 13 ga Janairu, 1915, tana da shekara 66, a ɗakin ƙasa, 'ya'yanta suna kewaye da ita. Janie, jaririyar da aka so a jefar shekara 30 da 'yan kai da suka wuce, ita ce ta yi jinyarta har ƙarshe. Aka kai gawar ta kogi zuwa Duke Town, aka binne ta a can.

Abin da ya rage mana

Kashe tagwaye ya daɗe da ƙarewa a Kalaba, akwai ma siffar Maryamu a birnin tana riƙe da tagwaye. Amma tsoron da yake sa a jefar da yaro bai mutu ba, yakan sake riga ne kawai. A cikin shekarun 2000 labari ya bazu a duniya cewa a jihohin Akwa Ibom da Kuros Riba, ƙasar da Maryamu ta yi aiki, ana kiran yara mayu, ana dūkansu, ana ƙona su, ana korarsu daga gida. Abin kunya gare mu shi ne, waɗansu masu tuhumar suna kiran kansu fastoci, suna yi da sunan Yesu. Nijeriya ta kafa dokar kare haƙƙin yara a cikin 2003, Jihar Akwa Ibom kuma ta kafa tata a cikin 2008, wadda ta hana laƙaba wa yaro maita. Dokokin nan suna da kyau, wajibi ne mu goyi bayansu, mu kuma kai ƙarar mai cutar yaro wurin hukuma, ko da shi babba ne a cikin Ikkilisiya. Sai mu karanta Matta 18:1-10 mu ga irin hukunci mai nauyi da Ubangiji ya faɗa a kan wanda ya sa ɗaya daga cikin ƙananan nan tuntuɓe.

Amma kamar yadda yarjejeniyar 1878 ba ta shayar da jariri ko ɗaya ba, haka dokokin yanzu ba za su yi reno ba. Ya ku 'yan'uwa, mu duba kusa da mu. Akwai maraya da ake ba shi ragowar tukunya a gidan kawunsa. Akwai 'yar aiki da aka kawo daga ƙauye, ita ce ta fari tashi, ita ce ta ƙarshen kwanciya, ba a kuwa sa ta makaranta ba. Akwai yarinyar da wani babba ya lalata, aka ce ta yi shiru domin kada a ɓata sunan gida. Akwai kuma yaron da yake zaune tare da mu a majami'a ran Lahadi, wanda ya kwana a waje daren Asabar saboda ubansa ya sha, kamar Maryamu a Dundee. Ba a kira yawancinmu mu haye teku ba. Amma kowane gida na masu bi yana iya buɗe ƙofarsa ga yaro ɗaya, kowace Ikkilisiya kuma tana iya sanin sunayen marayun da suke cikinta, ta san wanda yake ciyar da su.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Ta yaya wahalar da Maryamu ta sha a gidan ubanta ta shirya ta domin aikinta?
2. Karanta Farawa 25:21-26. Su wane ne tagwayen da aka ambata a nan, wane matsayi kuma Allah ya ba ɗayansu cikin shirinsa na ceto?
3. Don me Maryamu ta jira aka sare sabuwar hanya a ranar da ta ceci Susie? Me wannan yake koya mana game da yadda za mu yi da masu tsoro?
4. In an cuci yaro a cikin jama'armu, wa zai iya faɗa wa, wa kuma zai gaskata shi?

Kafin a tashi, bari kowa ya ambaci yaro ɗaya da ya sani yana cikin wahala, a yi addu'a dominsa, sa'an nan a shirya wanda zai je ya gan shi cikin makon nan.